Tsakuwa Ɗaya Ba Ta Daɓe: Batun Suturta Ƙasa a Karaye da Rogo



Muna roƙon jama'a su yi haƙuri da abin da muka zaɓa mu yi magana a kansa. Mun sani an saba a irin wannan zaure a ji batun siyasa, ko tattalin arziki, ko makomar ilmi a ƙasar nan. Mu kuwa yau tsakuwa muka kawo. Da muka gaya wa wani abokinmu haka, sai ya yi dariya, ya ce ashe duk karatun namu bai wuce wasan carafke ba. Ba mu ga laifinsa ba, don kuwa abin da ƙafa take takawa kullum, ido ba ya ganin girmansa. Amma muna fata kafin mu zauna za a yarda da mu cewa akwai dangantaka ta kusa tsakanin tsakuwar da muke takawa da ruwan da muke sha.

ƘASARMU DA RUWANTA

Mu da muke wannan magana 'yan ƙasar Karaye da Rogo ne, can yammacin Jihar Kano, wajen iyakarta da jihohin Katsina da Kaduna. Waɗannan ƙananan hukumomi biyu su ne dokar Jihar Kano ta 2024 ta haɗa a ƙarƙashin masarautar Karaye. Ƙasa ce ta manoma, mai dawa da masara da gyaɗa da rake, mai jan ƙasa da marmara, ga kuma duwatsu jefi-jefi. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a can ya san ƙarar da take yi in ta haɗu da tsakuwa.

A ƙasar Karaye ne aka datse kogin Challawa tsakanin 1990 da 1992, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Tsayin bangon madatsar mita 42 ne, tsawonsa ya kusa kilomita 8, cikinta kuwa yana ɗaukar ruwa fiye da lita biliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da ita. Ruwan da aka saki daga nan shi ne yake gangarawa ya bi ta matatun da suke shayar da birnin Kano, sa'an nan ya haɗu da kogin Kano wanda ya fito daga Tiga, su zama kogin Haɗeja, su nufi fadamun Haɗeja da Nguru. Watau ke nan abin da ya faru a bayan gidanmu a Karaye ko Rogo, labarinsa yana kai wa mutanen da ba su taɓa jin sunan ƙauyenmu ba.

To, kowa a cikinmu ya ga launin rafukanmu bayan ruwan farko na damina. Jajawur suke zuwa. Wannan ja da muke gani, gonakinmu ne da filayenmu suke tafiya. Filin da yake zuba ruwansa a madatsar Challawa ya fi murabba'in kilomita 3,800, kuma duk ƙasar da ruwa ya kwaso daga cikinsa, in ta isa inda ruwan ya tsaya cik, sai ta kwanta a ƙasan tafkin. Ba kasafai madatsa take mutuwa da fashewa ba. Yawanci laka ce take cika ta sannu a hankali, babu ƙara, babu labari a rediyo, har ran da za a tarar tafkin da aka kashe dukiya mai yawa a kansa ya koma fadama.

KURAKURAI BIYU

Daga ina wannan ƙasa take fitowa? Mafi yawanta daga gonaki ne da bakin kwari, wannan babu musu. Amma akwai wani kaso da yake fitowa daga wuraren da mu 'yan boko muke da iko a kansu: filin makaranta, harabar asibiti, farfajiyar sakatariya, gidajen ma'aikata, gaban masallaci da bakin kasuwa. A nan ne muke tafka kurakurai biyu, kuma dukansu da sunan tsabta muke yin su.

Na farko shi ne barin ƙasa tsirara. Tun muna firamare aka koya mana cewa fili mai kyau shi ne wanda aka share shi ƙal, babu ganye, babu ciyawa, babu ko tsinke. Kowace safiya yara ɗari suna bin fili da tsintsiya, kowace tsintsiya tana kwashe ɗan abin da ta kwasa, iskar hunturu ta ɗauki nata, ruwan damina ya zo ya ƙarasa. Wanda ya koma tsohuwar makarantarsa bayan shekara goma zai ga shaida da idonsa: saiwoyin darbejiya sun fito fili kamar yatsun tsoho, harsashin aji ya bayyana, matakalar da dā ake hawa da taki ɗaya yanzu sai an sa mata dutse. Ba ginin ne ya ƙara tsawo ba, ƙasar ce ta gudu.

Na biyu shi ne wanda mai kuɗi da mai kwangila suke yi, watau a malale fili duka da siminti. Bari mu yi ɗan lissafi tare. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Mu ɗauki harabar wani asibitin sha-ka-tafi mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, watau murabba'in mita 600. Idan damina ta zubar da milimita 900, abin da ba baƙo ba ne a ƙasarmu, ruwan da ya sauka a wannan haraba ya kai lita 540,000, watau duro 2,700 mai cin lita 200. In an malale harabar da siminti, ko ɗigo ba zai shiga ƙasa ba. Duka zai fita ta ƙofa a guje, ya ci hanya, ya kwanta a gindin katangar maƙwabci, ya haƙa kwari. Sa'an nan a watan Afrilu mutanen wannan asibitin su ne za su riƙa sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, suna kukan rijiya ta ƙafe.

Iyayenmu mata sun fi mu sanin inda ya kamata a toshe ƙasa. In za a yi daɓe, sai su taru, su baza tsakuwa a cikin ɗaki, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, su bi da makubar ɗorawa har wurin ya yi ƙarfi, ruwa ba ya ratsa shi. Daga nan ne Bahaushe ya sami karin maganar da muka sa wa jawabin nan suna. Amma a lura, a cikin ɗaki suke yin daɓe, inda ba a bukatar ruwa ya shiga ƙasa. Mu ne muka ɗauki hukuncin ɗaki muka fitar da shi waje. Abin da fili yake bukata shi ne sutura wadda za ta kare shi daga duka da rana, amma ta bar shi ya sha ruwa. Tsakuwar da aka baza ba a daɓe ta ba tana cikin irin wannan sutura.

AIKIN DA TSAKUWA TAKE YI

Aikinta uku ne, kuma kowa yana iya gwada su ba sai ya shiga ɗakin bincike ba.

Na ɗaya, tana tare dukan ruwa. Ɗigon ruwan sama in ya faɗo a kan ƙasa tsirara, farfasa ta yake yi, ya watsa ƙananan ƙwayoyinta, su toshe 'yan ƙofofin da ruwa yake bi ya nutse. In rana ta fito sai saman ya bushe ya yi ɓawo, a kwana a tashi wurin ya zama fako. In akwai tsakuwa a kai, ita ce take karɓar dukan, ruwan ya silale ta tsakaninta a hankali.

Na biyu, tana rage wa ruwa gudu. Ruwan da yake ratsa dubban duwatsu ƙanana ba ya samun ƙarfin ɗaukar ƙasa, kuma jinkirin da ya yi shi ne yake ba shi damar nutsewa.

Na uku, tana hana danshi tserewa. Ruwan da yake cikin ƙasa yana hawowa sama ta ƙananan kafofi kamar yadda kananzir yake hawa lagwani, in ya iso sama rana da iska su shanye shi. Kafofin da suke tsakanin tsakuwa sun yi faɗi ƙwarai, ruwa ba ya iya hawa ta cikinsu, sai ya zamana an yanke lagwanin. Wanda yake shakka ya je gona mako biyu bayan ɗaukewar ruwa, ya ɗaga wani dutse. Zai tarar ƙarƙashinsa da sanyi da laima, alhali gefensa ya bushe ƙamas.

ABIN DA WASU SUKA YI

Kada a zaci wannan sabon ilmi ne. Littattafan tarihi da na hadisi sun nuna cewa da tsakuwa aka shimfiɗe Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina, saboda taɓon da ruwan sama yake kawowa.

A tsibirin Lanzarote, wanda yake cikin teku daura da Maroko amma a ƙarƙashin mulkin Sifen, dutse mai aman wuta ya yi ta amai daga 1730 zuwa 1736, ya binne gonaki da ƙauyuka da baƙar tsakuwa. Mutane suka ɗauka noma ya ƙare. Daga baya suka lura shukar da saiwarta ta kai ga ƙasar da take ƙarƙashin tsakuwar ta fi kowace jure fari. Sai suka mai da masifa dabara, har suka riƙa ɗaukar baƙar tsakuwar suna bazawa a gonakin da aman bai kai ba. Ga shi suna noman inabi da albasa da dankali a wurin da ruwan shekara bai cika wuce milimita 150 ba, watau abin da mu kan samu a cikin 'yan makonni na watan Agusta.

A lardin Gansu na ƙasar Sin, kewayen birnin Lanzhou, manoma sun yi kimanin shekara 300 suna kwaso tsakuwa da yashi daga tsofaffin hanyoyin ruwa, suna shimfiɗawa a gona kaurin santimita 10 ko kusa da haka, suna noman kankana da alkama a busasshiyar ƙasa. Za mu komo kan waɗannan mutane, don akwai darasi mai ɗaci a labarinsu.

A nan kusa da mu kuma, bayan farin shekarun 1970, manoman Yatenga a ƙasar Burkina Faso sun riƙa jera duwatsu layi-layi a gicciyen gangare, suna daidaita layin da tiyo mai ruwa a ciki. A cikinsu ne aka sami Yacouba Sawadogo, manomin da ya mai da fako daji, wanda aka ba lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ya rasu a 2023. 'Yan'uwanmu Hausawan Adar a jihar Tawa ta Nijar su ma sun yi irin wannan, musamman a aikin raya ƙasar Keita da aka fara a 1984, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su a kan tuddai. A Nijeriya ma, mutanen duwatsun Gwoza sun daɗe suna gina matakalan dutse suna noma a jikin tsauni. Duk waɗannan, ko tsakuwa ce aka baza, ko dutse aka jera, hikimar ɗaya ce: a sa dutse tsakanin ruwa da ƙasa.

INDA TA DACE DA INDA BA TA DACE BA

Ba za mu yi wa tsakuwa irin tallan mai maganin kasuwa ba, wanda garinsa ɗaya yake warkar da ciwo arba'in. Tana da aibu. Ba ta ruɓewa, saboda haka ba ta ƙara wa ƙasa abinci ko kaɗan. Tana ɗaukar zafi, kuma a ƙasarmu inda ma'aunin zafi yake haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, tsakuwar da aka baza a tsakiyar rana tana iya gasa ƙaramar shuka, ta kuma hana ɗaki sanyi da dare. Ba a yi mata huɗa, don haka ba ta dace da fangalin alayyafo ko latas ko tumatir ba, inda ake juya ƙasa kowane lokaci. A irin waɗannan wurare, karan dawa da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi da busasshen ganye sun fi ta nesa ba kusa ba, ko da yake gara tana ci, awaki suna ci, iska tana kwashewa.

Inda tsakuwa take da amfani shi ne inda waɗancan ba sa zama: hanyoyin ƙafa a cikin lambu da tsakanin azuzuwa, ƙarƙashin indararo da bakin rufin kwano, inda ruwa yake zuba da ƙarfi ya haƙa rami, kewayen famfo da rijiya da wurin alwala, inda ruwa yake kwanciya sauro ya hayayyafa, gindin itatuwan da suka riga suka yi inuwa, kamar mangwaro da gwaiba da lemo da darbejiya, da kuma gangaren da ruwa yake bi in ya fito daga haraba. Ƙa'idar ita ce a haɗa ta da inuwa. Tsakuwa da itace abokan juna ne: ita ta riƙe masa ruwa, shi ya kare ta daga rana.

YADDA AKE SHIMFIƊA TA

Da farko a cire ciyawa tun daga saiwa, musamman masu taurin kai irin su aya-aya da kiri-kiri da tofa, don in aka rufe su da rai, za su ratso. Sai a daidaita wurin, a ba shi ɗan gangare ya kauce wa gini ya nufi gindin itace. In gindin itace ne za a rufe, a fara zuba taki a cakuɗa shi da ƙasa, tun da bayan an rufe sa shi zai yi wuya. A jera manyan duwatsu ko tubali a gefe, don kada tsakuwar ta watse.

Girman da ya fi dacewa shi ne daga na gurjiya zuwa na ƙwallon dabino. Wadda ta fi haka ƙanƙanta takan bi takalmi, wadda ta fi haka girma takan yi wuyar takawa, ta kuma zama maɓoyar kunama. A tankaɗe ta kafin a baza, don in ta zo da garin ƙasa a jikinta an kawo ciyawa da hannu. Kaurin shimfiɗar ya kai yatsu uku a jere, watau santimita 5. A wannan kauri, murabba'in mita ɗaya yana cin lita 50, kimanin kwanon sarki uku ke nan. Kewayen itace guda, mita ɗaya ta kowane gefe, zai ci kwano goma. A bar faɗin tafin hannu tsakanin tsakuwa da jikin itacen, don kada zafi da laima su ɓata masa ɓawo.

Abu ɗaya muke gargaɗi a kansa da babbar murya: kada a shimfiɗa leda a ƙarƙashi da niyyar hana ciyawa. Wanda ya yi haka ya yi siminti ne a ɓoye. Ruwa ba zai shiga ba, saiwa ba za ta sha iska ba, bayan shekara biyu kuma ledar za ta yayyage ta fito tana yawo a fili.

TSABTACE TA SHI NE RABIN AIKIN

Yanzu mun zo kan abin da ya fi damunmu, kuma a nan za mu tona wa kanmu asiri. Shekarun baya, a lokacin dogon hutu, mu da wasu samarin garinmu muka yi aikin gayya a wata makarantar firamare. Muka kwaso tsakuwa da baro da amalanke, muka rufe gaban azuzuwa da gindin itatuwa. Daminar farko kowa ya yaba, yara suka daina shiga aji da taɓo. Muka koma makaranta muna ganin mun gama. Da muka dawo bayan damina ta uku, sai muka tarar ciyawa ta rufe wurin, tsakuwar ta nutse a cikin ƙasa, yara kuma sun koma sharar dā. Laifin ba na kowa ba ne sai namu. Mun koya wa mutane yadda ake bazawa, ba mu koya wa kowa yadda ake kulawa ba, ba mu kuma bar wa makarantar ko rariya ɗaya ba.

Ga abin da ya faru. Duk amfanin tsakuwa yana cikin kafofin da suke tsakaninta. Kowace shekara, daga Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu tana kawo mana ƙura daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙurar tana sauka ta cika kafofin. Ganyen darbejiya ya zuba ya ruɓe a kai, kashin awaki ya ƙaru, iska ta kawo irin ciyawa. Da zarar kafofin sun cika, lagwanin da aka yanke ya sake haɗuwa, danshi ya ci gaba da tserewa, ciyawa kuma ta sami gado mai taki.

Manoman Gansu da muka ambata sun san wannan tun da daɗewa, har suna da wata magana cewa gonar tsakuwa wahalar uba ce, arzikin ɗa, yunwar jika. Uba ya sha ɗaukar dutse, ɗa ya ci amfani, kafin a kai kan jika tsakuwa ta cakuɗe da ƙasa, gonar ta tsufa. A maƙwabciyarsu Ningxia, inda aka faɗaɗa irin wannan noma ƙwarai saboda kasuwar kankana, sai da hukuma ta fara janye mutane daga tsofaffin gonakin tsakuwa tun daga 2021, don ƙasar ta gaji. In haka ta faru ga waɗanda suka gaji abin kaka da kakanni, ina ga mu?

Sa'ar da muka yi ita ce namu fili ƙarami ne, gyaransa ba ya fi ƙarfin mutum biyu. Kowane mako a bi shi da manjagara ko tsintsiyar kwakwa a sama-sama, a kwashe ganye da kashin dabbobi tun ba su ruɓe ba, a kai su ramin taki. Da damina a tuge ciyawa tana ƙarama, kafin ta yi iri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane wata a motsa tsakuwar da manjagara don kada ta daskare, a mai da wadda ta gangara wurinta. Mai wannan aiki ya sa takalmi, kada kuma ya tura hannu ƙarƙashin dutse.

Babban gyara sau ɗaya ne a shekara, a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, bayan ƙura ta gama sauka, kafin ruwa ya sauka. A sami rariyar waya mai katako, irin wadda magina suke tace yashi da ita, a jingine ta. A riƙa kwasar tsakuwar da shebur kashi-kashi ana watsawa a kanta. Tsakuwa ta gangaro gaba, gari ya zube baya. Wannan garin kada a zubar, ƙurar hunturu ce da ruɓaɓɓen ganye, fangalin lambu yana maraba da shi. A duba ƙasan wurin, a cire saiwar da ta ɓuya, a mai da tsakuwar, a cika inda ta ragu.

Wanki da ruwa ba dole ba ne, sai a wurin da ya yi gansakuka ko maiƙo, kamar bakin famfo. A nan ma a fara gwada rana: a baza tsakuwar kwana biyu a fili, gansakukar za ta bushe ta kakkaɓe. In sai an wanke, a zuba ta a rabin duro da ruwa zalla, a motsa da shebur, ruwan kuma a ba itace. Kada a sa gishiri, ko ruwan batir, ko maganin wanke tufafi mai sa fari, ko baƙin man mota, wai don a kashe ciyawa. Duk abin da aka zuba a kan tsakuwa ƙasa yake tafiya, kuma ƙasan nan ita ce uwar rijiyar da ake sha.

INA ZA A SAMO TA?

Kada garin gyaran gira a rasa ido. In muka ce kowa ya baza tsakuwa, sa'an nan tifa-tifa suka dira a bakin kogin Challawa da rafukan da suke shiga cikinsa suna yashe gaɓa, mun ƙara wa madatsar ciwon da muke neman maganinsa. Haka kuma kada a bi gonaki ana tsince 'yan duwatsun da suke kwance a kai. Wani bincike da aka yi a yankin Tigray na ƙasar Habasha, aka buga a 2001, ya nuna cewa kwashe duwatsu daga saman gona yana ƙara zaizayar ƙasa. Waɗannan suna bakin aikinsu, a bar su.

Akwai tsakuwar da ba ta da mai so. Duk inda aka haƙa rijiya, ko masai, ko harsashin gini a ƙasar marmara, akan fito da tulin burji a bar shi a gefe. In an tankaɗe shi, tsakuwa ce mai kyau. Akwai ragowar da magina suke bari bayan an gama gini. Akwai ɓarɓashin da yake taruwa a inda ake fasa dutse. Manyan duwatsun da manoma suka riga suka tara a kan iyaka kuwa, maimakon su zauna tsibi, a jera su a gicciyen gangare kamar yadda mutanen Adar suke yi, a dasa gamba a bayansu.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, ba mu ce tsakuwar harabar makaranta ita kaɗai za ta ceci madatsar Challawa ba. Babban yaƙin yana gona da bakin kwari. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma irin wannan kuɗi yana da wurinsa. Amma manomi ba ya karanta takardar shiri. Abin da ya gani da idonsa a makarantar ɗansa, ko a asibitin da ya kai matarsa awo, shi yake ɗauka ya kai gida. In harabar malamin gona ita ce ta fi ko'ina zaizayewa a gari, da wane baki zai yi wa mutane wa'azin riƙe ƙasa?

Gobe ko jibi wasunmu za su zama shugabannin makarantu, wasu malaman asibiti, wasu jami'an ayyuka a ƙaramar hukuma, masu rubuta kasafin kuɗi. Mun san halin da ake ciki: sabon aiki yana da bikin buɗewa da allo mai suna, amma gyara ba shi da mai ɗaukar hoto. Ba a taɓa kiran maroƙi don an sayi rariya ba. Roƙonmu shi ne, in takarda ta zo gabanku ana neman a malale fili da siminti, ku tambaya ina ruwan zai tafi. In kun sa an baza tsakuwa, ku rubuta sunan wanda zai kula da ita, ku ajiye masa manjagara da shebur da rariya, ku sa ranar tankaɗe a cikin kalandar wurin kamar yadda ake sa ranar jarrabawa. In an yi muku canjin wurin aiki, ku sa wannan a cikin takardar miƙa aiki, don kada na bayanku ya tarar da abin da muka tarar a makarantar garinmu.

Mu dai mun yi alkawarin komawa wannan makaranta a hutun da yake tafe, wannan karon da rariya a hannu. Muna gayyatar duk ɗan Karaye da ɗan Rogo da yake cikin zauren nan, da ma wanda ba ɗan can ba amma yana shan ruwan Challawa a birni, ya zaɓi fili ɗaya a garinsu, ko da gindin itace guda ne, ya suturta shi, ya kuma koma ya duba shi baɗi. Tsakuwa ɗaya ba ta daɓe, amma ba a taɓa yin daɓen da ba da tsakuwa ɗaya aka fara shi ba.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu bar wa na bayanmu ƙasar da ta fi wadda muka tarar.